Tsakanin La'asar da Magariba: Abin da Ke Mayar da Zuwa Filin Ƙwallo Aiki

Wata Lahadi cikin watan Afrilu, bayan an sallame la'asar a masallacin unguwarmu, na tari ɗan kabu-kabu daga Mabera na ce ya kai ni filin wasa na Giginya. Tafiya ta yi daɗi har muka kusa. Can sai ya rage wuta, ya gangara gefen titi, ya sa ƙafa ƙasa.

"Malam, nan zan aje ka. Gaba ta cushe, in na shiga ba ni hitowa sai magariba."

Na ce, "Haba ƙanena, ga hilin can muna hange?"

Ya ce, "Awo, kana hange nai. Amma wallahi ƙahwa ta hi maka sauri."

Da gaskiyarsa. Na biya shi na kutsa. Mashina sun jeru baki da hanci har kan kwalta, mai rake ya kafa baronsa daidai inda mutane ke ratsawa, yara masu tallan fiya wata suna bi ta ƙarƙashin hammatar manya. Wani mai mota ya ga gaba ba ta biyuwa, ya ce bari ya juya, sai motar ta gindaya a tsakiyar titi, ta tare mai zuwa ta tare mai komawa. Ina cikin layi, gumi na bin bayana, na ji filin ya ɗauki sowa. An jefa ƙwallo a raga. Ban ga laifin kowa ba, don ni ma ina cikin waɗanda suka haɗa cunkoson. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da na samu na shiga, sai na tarar filin bai ma cika ba. Ga wuraren zama nan birjik, amma a waje kamar ana rabon zakka.

Daga nan ya kamata a ɗauko zaren. Mutane kan ce cunkoson filin ƙwallo yawan jama'a ne ke kawo shi. Yawan jama'a na da nasa kason, amma abin da ya fi shi ƙarfi shi ne kowa ya zo a lokaci ɗaya, kuma kowa ya nufi ƙofa ɗaya. A Sakkwato kuwa akwai dalilai biyu da ke tattara mutane cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma babu wanda za a ce da shi ya yi ba daidai ba.

Na farko rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, kuma ba mai hankalin da zai je ya zauna kan siminti tun ƙarfe biyu yana jiran wasan ƙarfe huɗu. Na biyu salla. Wasannin gasar cikin gida a Najeriya galibi ƙarfe huɗu na yamma ake take su, daidai lokacin da masallatan Sakkwato ke tayar da la'asar. Mutum zai jira rana ta yi sanyi, ya yi salla a unguwarsu, sannan ya fito. Shi da wasu dubbai duk lissafinsu ɗaya. Jama'ar da ya kamata ta shigo sannu a hankali cikin awa biyu, sai ta kwararo cikin minti ashirin ko talatin. A Turai ana buɗe ƙofofi tun da sauran lokaci mai tsawo, a sa kiɗa, a sayar da abinci, don a ja mutane su zo da wuri. Wannan dabara ba za ta ci a nan ba matuƙar babu inuwa, babu ruwan alwala, babu wurin salla mai ɗaukar jama'a a cikin fili.

Yanzu a duba ita kanta ƙofar, domin a nan lissafin yake da daɗin bi. A Birtaniya, bayan turmutsutsun da ya kashe mutum 66 a filin Ibrox na birnin Gilasgo a 1971, an tsara ƙa'idojin kiyaye lafiyar 'yan kallo. Cikinsu akwai cewa ƙofa mai juyawa, irin wadda ke shigar da mutum ɗaya-ɗaya, kada a lissafa mata fiye da mutum 660 a awa guda. Mutum 11 ke nan a minti ɗaya, kuma wannan idan kowa na riƙe da tikitinsa a hannu. To a ƙaddara mutum 5,000 ne suka zo kallo. In ƙofa biyu aka buɗe, sai an shafe kusan awa huɗu kafin na ƙarshe ya shiga. In huɗu ce, kusan awa biyu, wato an tashi wasa yana waje. Kafin a shigar da su cikin rabin awa, sai an buɗe ƙofa 16. Kuma wannan lissafin bai san da namu halin ba: wanda zai miƙa dubu ɗaya a tsaya nema masa canji, wanda ya ce ya tura kuɗi ta waya amma saƙo bai shigo ba, wanda za a laluba aljihunsa, da wanda zai tsaya yana yi wa mai tsaron ƙofa bayanin ko shi ɗan wane ne. Kowane ɗaya daga cikinsu ya ci minti guda, mutum goma sun ƙaru a bayansa.

Layin da ba ya motsi, ga kuma sowa na tashi daga ciki, shi ne mafarin ture-ture. Na baya ba ya ganin abin da ke faruwa a gaba, turawa kawai yake yi. Haka ta faru a filin Olembe da ke Yawunde ranar 24 ga Janairun 2022, lokacin wasan Kamaru da Komoros a gasar cin kofin Afirka. Jama'a suka taru a wata ƙofa da aka bari a rufe, aka danne mutane, takwas suka rasu. Sabon fili ne fil mai ɗaukar mutum 60,000, an kashe masa maƙudan kuɗi, amma ƙofa ɗaya ta jawo asarar rayuka.

Kada kuma a ɗauka abin na Afirka ne kaɗai. Wata huɗu bayan haka, ranar 28 ga Mayun 2022, aka yi wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid a Faransa. Ma'aikatan ɗaya daga cikin layukan jirgin ƙasa da ke zuwa filin suna yajin aiki, don haka dubban magoya bayan Liverpool suka bi wani layin. Hanyar da ta taso daga waccan tashar ta bi ta wani matsattsen lungu a ƙarƙashin gada, ga motocin 'yan sanda sun ƙara rage masa faɗi, ga shingen duba tikiti a gaba. Mutane suka yi awanni a tsaye, aka harba musu barkonon tsohuwa, aka jinkirta wasa da minti 36. Da farko hukumomi sun ce 'yan kallo ne suka makara kuma suka zo da jabun tikiti. Da kwamitin bincike mai zaman kansa ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 2023, sai ya ce babban alhakin na wuyan UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai. Abin lura a nan, matsalar ta faro ne tun daga tashar jirgi, nesa da inda masu shirya wasa suka sa ido.

Sai batun abin hawa. Mota ita ce babbar mai cin wuri. Kowace mota ɗaya, in aka haɗa da hanyar shiga da fita, tana buƙatar kimanin murabba'in mita 25 a wurin ajiya. Filin da ake buga ƙwallo a kansa, mai tsawon mita 105 da faɗin 68, bai wuce ya ɗauki mota 280 da 'yan kai ba. Ke nan mota dubu ɗaya kacal na neman wurin da ya kai filin ƙwallo uku da rabi. Ina za a samo wannan a tsakiyar gari? Shi ya sa suke malala kan titi, titi mai layi biyu ya koma ɗaya. A wannan fannin kabu-kabu da keke napep sun fi mota alheri nesa ba kusa ba, tunda su sauke mutum suke yi su wuce. Illarsu ɗaya: kowane fasinja so yake a dire shi a bakin ƙofa, kowane ɗan kabu-kabu kuma in ya sauke sai ya ɗan dakata ko zai samu na komawa. Nan da nan bakin ƙofa ya zama tasha. Ana cikin haka sai ka ji jiniya, ayarin wani babba ya iso, a tsayar da kowa, a buɗe musu babbar ƙofa su shige da motoci goma. Minti biyar ɗin da aka tsayar da jama'a dominsu, sai an yi rabin awa ba a gama biyan bashinsa ba.

Fita ta fi shiga muni, ko da yake ba a cika maganarta ba. Waɗanda suka shigo cikin rabin awa, cikin minti goma suke son ficewa. Ana busa usur na ƙarshe wajen shida saura, magariba ta kawo jiki, kowa na son ya kai gida ko masallaci. Ɗan kabu-kabun da ya kawo ka da lallami, yanzu shi ke zaɓen fasinja, kuɗin ma ya ninka. Wannan ne ya sa za ka ga dattawa sun fara zamewa tun saura minti goma a tashi, ko da wasan ya yi zafi. Sun san abin da ke jiransu a waje.

Inda aka gina fili ma yana da nasa hukuncin. Sunan Giginya na tuna mana da fagen da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903. A wancan lokacin wurin bayan ganuwa ne, yau kuwa gari ya haɗiye shi. Fili a cikin gari na da daɗi ta fuska ɗaya, domin mutum na iya takowa da ƙafa ko ya hau mashin da ɗan kuɗi kaɗan. Amma titunan da ke kewaye da shi ba don taron dubbai aka yi su ba, kuma ranar wasa ba ta hana mai zuwa asibiti ko kasuwa bin hanyarsa. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda 'yan kallo ke gauraya da hada-hadar 'yan kasuwa, ya san wannan. Sai masu tsara birane suka ce to a fitar da filaye bayan gari. Nan kuma wata ta taso: kowa sai ya hau abin hawa, kuma galibi hanya ɗaya ce ke zuwa. Filin Alassane Ouattara da ke Ebimpe, inda Najeriya ta sha kashi da ci 2 da 1 a hannun Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 11 ga Fabrairun 2024, yana can arewa da Abijan, kuma 'yan kallo sun yi ta kuka da gosulon hanyarsa. A Istanbul, a wasan ƙarshe na zakarun Turai na 2023, mutane sun yi awanni cikin bas-bas, wasu suka sauka suka taka a gefen babban titi, har sai da shugaban UEFA ya fito ya ba da haƙuri.

Namu na Abuja, filin Moshood Abiola da aka buɗe a 2003, yana ɗaukar mutum 60,000, kuma yana bakin manyan titunan shiga birni. Ranar 29 ga Maris 2022, da za a kara da Ghana a wasan neman zuwa kofin duniya, gwamnati ta sallami ma'aikata tun da rana, aka raba dubban tikiti kyauta don a cika fili. An cika shi kuwa. An yi tunanin yadda za a tara jama'a, amma yadda za a sarrafa su ya gagara. Aka tashi 1 da 1, Ghana ta wuce, 'yan kallo suka afka cikin fili suka yi ɓarna, FIFA ta ci tarar Najeriya.

Inda aka shawo kan wannan matsala, kusan ko'ina jirgin ƙasa ne ya yi aikin, don shi kaɗai ke kwashe ɗaruruwan mutane a tashi ɗaya ba tare da neman wurin ajiya ba. Filin Wembley na Landan mai ɗaukar mutum 90,000 tashoshi uku ke kewaye da shi. A Katar, lokacin kofin duniya na 2022, 'yan kallo kyauta suka riƙa hawa jirgin birnin Doha. A Jamus ƙungiyoyi da yawa tikitin wasansu shi ne kuma tikitin bas da jirgin cikin gari a ranar.

Mu kuwa a Sakkwato jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, kuma bai ƙara gaba ba har yau. A nan ne wahalar Basakkwace mai son ƙwallo ta bambanta da ta sauran, domin shi tafiyarsa biyu ce: gajera daga gida zuwa Giginya, da doguwa daga Sakkwato zuwa duk inda ake babban wasa. Sokoto United ta daɗe tana fafatawa a rukuni na biyu na gasar ƙasa, don haka mai son ganin wasan babban rukuni ido da ido sai ya nufi Katsina ko Kano. Super Eagles kuwa a 'yan shekarun nan mafi yawan wasanninta na gida a Uyo take yi, a filin Godswill Akpabio mai ɗaukar mutum 30,000, saboda sauran filayen sun kasa cika sharuɗɗan CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Tsakanin Sakkwato da Uyo ya haura kilomita 1,000. A mota kwana biyu ne, a jirgin sama kuma sai ka tashi daga filin Sultan Abubakar III ka sauka Abuja ka sake hawa wani. Wasan da ake kira na gida, ga mutumin Illela ko Gwadabawa, ya fi masa nisa a kan a ce a Yamai ake buga shi.

Ko Kanon ma ba kusa ba ce. A bi Dange, Tureta, Talata Mafara, Gusau, Tsafe, a faɗa Funtuwa. Direbobi da asuba suke son tashi, kuma ba mai son duhu ya riske shi a tsakanin Gusau da Funtuwa saboda halin da hanyar ta shiga na 'yan bindiga. Wasan da aka tashi ƙarfe shida a Ƙofar Mata yana nufin kwana dole. In ka lissafa, wasan minti 90 ya ci maka kwana biyu, wani lokaci uku, ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, ga masauki, ga abinci. Magidanci nawa ne zai iya?

Su kansu 'yan wasan a wannan hanyar suke rayuwa. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna kan tafiya Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A Fabrairun 2021 motar Wikki Tourists ta kama da wuta a Hawan Kibo a hanyarsu ta zuwa Uyo, suka tsira da rayukansu, kayansu suka ƙone. A ƙarshen Mayun 2025 motar tawagar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum 20 suka rasu, ana gab da isa gida. Nisa da tsadar tafiya na cikin dalilan da suka sa aka raba gasar rukuni na biyu zuwa shiyyar Arewa da ta Kudu. Kuma duk lokacin da aka yi ƙorafin cewa baƙi ba sa cin wasa a gasar Najeriya, alƙalan wasa ake fara zargi. Ba na wanke su, amma ɗan wasan da ya kwana biyu a takure cikin bas, ƙafafu sun kumbura, ya sauka yau gobe ya shiga fili, an riga an ci shi rabi tun a hanya.

Sakamakon duk wannan yana nan a gidajen kallon ƙwallo na Runjin Sambo da Arkilla da Tudun Wada. Matashi ya biya 'yan canjinsa, ya zauna kan benci a ƙarƙashin fanka, taku kaɗan daga gidansu, ya kalli Arsenal ko Barcelona, a hutun rabin lokaci ya fita ya yi salla ya dawo. Ya san sunan kowane ɗan benci na Real Madrid, amma ƙila bai taɓa ganin ƙungiyar garinsu da idonsa ba. Ana cewa rashin kishi ne. Ni dai ina ganin ya auna wahala ne ya zaɓi mai sauƙi.

Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024, mai tsawon sama da kilomita 1,000 daga Illela, in Allah ya sa an gama ta za ta rage wa matafiya Kudu azaba. Amma ba ruwanta da taku ɗari biyar na ƙarshe kafin ƙofar fili, kuma gyaran wannan bai kai kuɗin kwalta kilomita ɗaya ba. A sayar da tikiti tun ana jibi wasa a shagunan masu POS na unguwanni, bakin ƙofa ya zama wurin nunawa kawai. A buɗe duk ƙofar da ke akwai, ba wadda ta fi sauƙin tsaro ba. A rufe titin gaban fili ga motoci awa ɗaya kafin wasa, har da na manya, a ware wa kabu-kabu wurin saukewa a gefe ɗaya da wurin ɗauka a wani gefen. Wanda na fi ba ƙarfi kuwa shi ne a yi rumfa mai faɗi da famfunan alwala a cikin harabar fili, a sanar cewa za a yi jam'in la'asar a nan. Mutumin da ya san zai samu inuwa da salla a ciki, zai fito tun uku da rabi, kuma wannan rabin awar kaɗai ta isa ta raba taron gida biyu. A lokacin bazara ma ana iya mayar da wasa bayan isha'i, sai dai wannan na buƙatar fitilu masu ƙarfi da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakar wasa ba, da kuma tsaron dare.

Abin da ke hana irin waɗannan ƙananan gyare-gyare a yawancin garuruwanmu shi ne aikin ba shi da uba ɗaya. Fili na ma'aikatar wasanni ne, wasa na ƙungiya da hukumar ƙwallo ne, titi na 'yan sanda da jami'an kula da zirga-zirga ne, masu kawo jama'a kuma suna ƙarƙashin ƙungiyoyinsu na sufuri. Kafin kowane wasan gasa akan yi zama tsakanin jami'an wasa da wakilan ƙungiyoyin biyu, a daidaita launin riguna, a tabbatar da motar asibiti da jami'an tsaro. Kujera ɗaya ya kamata a ƙara a wannan zaman, ta shugaban 'yan kabu-kabu na yankin, tunda yaransa ne ke kawo mafi yawan 'yan kallo, kuma su suka san lungun da ke toshewa da wanda ke ɓullewa.

A waccan Lahadin dai, da aka tashi ban ko nemi mashin ba. Na taka zuwa wani ɗan masallaci a bakin hanya, na zauna har aka kira magariba. Kafin mu sallame titi ya sarara, na samu kabu-kabu zuwa Mabera a kuɗin da na zo.